Tsohuwar Kwamfuta da Amanar da Ke Cikinta: Yadda Ake Farfaɗo da Ita da Adana Manhajojinta

Gabatarwa

A Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato, da kuma Arewa House da ke Kaduna, akwai kwafe-kwafen littattafan malaman jihadi waɗanda aka rubuta da alƙalami da tawada, wasunsu sun haura shekara 100 a kan takarda. Duk wanda ya iya karatun Larabci ko ajami, in an miƙa masa ɗaya daga cikinsu, zai karanta da idonsa, ba ya buƙatar komai sai haske. Amma kundin digirin da aka buga da kwamfuta a Gusau cikin shekarar 1997, aka ajiye shi a faifan fulofi, yau mai shi ma ba ya iya karanta shi. Faifan yana nan a cikin akwati, sai dai kwamfutocin yanzu ba su da ramin da za a zura shi. In an sami ramin, ba lalle manhajar yanzu ta gane tsarin fayil ɗin ba. In kuma ta gane, sau da yawa Hausar da za ta fito a allo ba mai karantuwa ba ce, domin duk inda aka rubuta "ƙasa" sai a ga "}asa". Wato rubutun da bai cika shekara 30 ba ya fi na ƙarni guda kusa da salwanta.

Wannan shi ne dalilin da ya sa gyaran tsohuwar kwamfuta ya wuce sha'awar masu tara kayan da. Na'urar ita ce mabuɗin abin da aka rubuta da ita, kuma akwai tsarin da ya kamata a bi wajen buɗe ta: a fara ceto rubutun, sa'an nan a waiwayi ƙarfen.

Wace Irin Na'ura Ake Nufi?

Kwamfutar tebur irin wadda ta mamaye ofisoshin Nijeriya ta samo asali ne daga wadda kamfanin IBM na Amurka ya fitar a ranar 12 ga Agusta, 1981. Ƙwaƙwalwarta, wato Intel 8088, tana bugawa sau miliyan 4.77 a daƙiƙa guda, abin da a yau ko wayar hannu mafi araha ta ninka shi sau ɗaruruwa. Wasu kamfanoni suka yi ta ƙera irinta, ƙwaƙwalwar kuma ta yi ta hauhawa: 286 a 1982, 386 a 1985, 486 a 1989, sai Pentium a 1993. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato a ranar 1 ga Oktoba, 1996, 486 da Pentium su ne ke tashe, suna ɗauke da MS-DOS da Windows 3.1, ko kuwa Windows 95. Da irinsu ne shagunan buga takardu suka fara ture tafireta gefe, ana buga wasiƙu da takardun jarrabawa da kundayen ɗalibai da littattafan hikaya.

Irin waɗannan na'urori ba sa mutuwa a inda aka fara sayensu. In babban ofis ya sauya sababbi, tsofaffin sai su gangara ƙananan ofisoshi da makarantu, ko a yi gwanjonsu, har su ƙare a ɗakin ajiyar wata makaranta a Tsafe, ko bayan shagon mai gyaran rediyo a Bunguɗu. Daga nan kuwa mataki ɗaya ya rage, wato hannun 'yan gwangwan, waɗanda ke saye a kan sikeli, su fasa su cire jan ƙarfe da alminiyam. Ba laifinsu ba ne, sana'arsu ke nan, amma sikeli ba ya auna abin da ke rubuce a cikin faifai.

Kada a Yi Saurin Kunnawa

A ɗauka cewa an buɗe wani ɗakin ajiya a garin Mada, aka tarar da kwamfuta 486 da monitarta mai ƙeya, da kwali guda na faifan fulofi, duk sun yi shekara 20 ba a taɓa su ba. Abin da zuciya za ta fara raya wa kowa shi ne a jona wuta a gani ko tana aiki. Wannan kuwa shi ne kuskuren da ya fi kashe irin waɗannan na'urori.

Da farko a dubi bayan akwatin wutarta. Yawancin na wancan zamani suna da wani ɗan jan makunni mai lamba 115 a gefe guda, 230 a ɗaya gefen. Wutar Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa kusan rabin haka. Na'urar da ta zo gwanjo daga Amurka, ko wadda yaro ya tura makunninta da wasa, in aka jona ta tana kan 115, ƙara ɗaya za a ji sai hayaƙi. Bayan wannan sai a kwance murfin. A ƙasar Zamfara abin da za a tarar a ciki sananne ne: ƙurar hunturu ta shekara da shekaru ta daskare a kan fanka, ga yanar gizo-gizo, ga ƙwan kyankyasai, wani lokaci har da ginin zanzaro ko sheƙar ɓera. Ƙura busasshiya ba ta da wata illa sai hana iska shiga, amma idan ta sha laimar damina takan zama hanyar da wuta ke bi ta tsallaka inda ba a nufa ba. Ana share ta da buroshi mai laushi da iskar famfo. Kafin a taɓa komai kuwa a ɗauki hoton cikin, domin a san inda kowace waya take.

Akwai wani haɗari da ya fi tsanani da hunturu. Tartsatsin nan da mutum ke ji a jikin bargo ko marfin mota idan iska ta bushe, wutar lantarki ce da ta taru a jiki, kuma ƙarfinta yakan kai dubban bolt. Ba ta cutar da mutum, amma tana iya ƙone siraran hanyoyin da ke cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta ba tare da an ga alama ba. Saboda haka mai gyara ya riƙa dafa ƙarfen jikin akwatin kafin ya taɓa babban allon da ke ciki, wanda masu sana'ar ke kira bod, kuma ya riƙe shi ta gefe.

Babban abokin gabar bod ɗin yana zaune ne a kansa. Kwamfutocin 286 da 386 da 486 da dama suna da wani ɗan batir mai siffar ganga, mai ƙarfin bolt 3.6, wanda aikinsa shi ne riƙe agogo da bayanan saiti idan an kashe wuta. In ya tsufa sai ya riƙa tsiyayar da wani ruwa mai kaifi, dangin ruwan tokar da ake haɗa sabulu da shi. Ruwan yana bin siraran layukan jan ƙarfe da ke kan bod yana cinye su a hankali, yana barin wani gari mai launin shuɗi-kore. Magani shi ne a cire batirin nan take ko da bai fara tsiyaya ba. Inda ya riga ya zuba, a goge da ruwan khal, domin tsami ne ke kashe kaifin toka, sa'an nan a wanke da sifirit mai kyau a bar shi ya bushe sarai. Layin da ya yanke ana gano shi da mita, a haɗa shi da siririyar waya da dalma. Duk mai gyaran rediyo da ya ƙware zai iya wannan aiki. Wasu na'urorin kuma batirinsu a ɓoye yake cikin wani baƙin ƙunshi mai suna Dallas DS1287. Shi ba ya ɓata bod, sai dai in ya mutu dole a sauya ƙunshin ko a yi masa dabarar jona batir daga waje.

Sai kuma kafasita, wato ƴan ƙananan ma'ajiyar wuta da ke cike da akwatin wuta da bod. Masu ruwa a ciki suna bushewa ko su kumbura, kuma zafin bazara, wanda a Gusau yakan kai digiri 40, yana gaggauta tsufansu. Wasu masu suna RIFA, da ake samu a mashigar wuta ta tsofaffin na'urori, jikinsu yana tsattsagewa ya sha laima, da zarar an kunna sai su fashe da hayaƙi mai wari. Don haka akan gwada akwatin wuta shi kaɗai, an cire shi daga bod, an jona masa wani abu maras daraja da zai ja wuta, a auna a tabbatar bolt 5 da bolt 12 suna fita daidai. In za a kunna gaba ɗaya, a bi ta sitabilaiza, kuma a guji ƙaramin janareta mai hawa da sauka.

Monita mai ƙeya kuwa a bar ta a rufe. A cikinta akwai wuta da ke kai bolt 25,000 lokacin aiki, kuma kwalbar tana iya riƙe wani abu daga ciki bayan an zare waya. Wanda bai saba gyaran tsohuwar talabijin ba kada ya kusance ta. Bayan haka ma, yawancin 486 suna aiki da monitar zamani mai mahaɗin VGA.

Ceto Abin da Ke Cikin Faifai

Duk gyaran da aka ambata ana iya sake shi in an kuskure. Bod in ya ƙone akwai wani a kasuwa. Abin da babu madadinsa shi ne rubutun da ke cikin rumbun na'urar, wato faifan nan mai tauri da ke ɗaure a ciki. Shi ya sa masana adana bayanai suke cire rumbun tun kafin a gwada kunna na'urar.

A cikin rumbun akwai faya-fayai da ke juyawa sau 3,600 ko fiye a minti guda, da wani ɗan kai mai karatu da ke shawagi a samansu, tazarar da ke tsakani ba ta kai kashi ɗaya cikin 100 na kaurin gashin mutum ba. Idan rumbu ya daɗe a kwance, kan yakan manne da faifan, man da ke cikin injin kuma ya daskare. Zai yiwu ya tashi sau ɗaya ko sau biyu, daga nan ya yi shiru har abada. Ke nan tashin farko yana da tsada, bai kamata a ɓata shi wajen leƙe-leƙen fayiloli ba. Abin da ake yi shi ne a jona rumbun da wata kwamfuta ta zamani, a ɗauki cikakken kwafinsa daga gida na farko har na ƙarshe, ya zama fayil guda ɗaya. Manhajar ddrescue, wadda kyauta ce, an yi ta ne domin haka: tana fara kwashe wuraren da ke da lafiya, sa'an nan ta dawo ta yi ta lallaɓa waɗanda suka lalace. Wajibi ne a saita kwamfutar zamanin ta yadda za ta karanta kawai ba ta rubuta komai ba, domin in an bar ta takan zuba nata ɓoyayyun fayiloli, ta kuma sauya kwanan watan na da, alhali kwanan watan nan shi ne shaidar lokacin da aka rubuta abu.

Rumbu mai mahaɗin IDE, wanda shi ne a yawancin 486 da Pentium, yana jonuwa ta USB da ƴar na'ura mai araha, ko da yake mafi tsufa daga cikinsu sukan ƙi, sai an nemi wata tsohuwar kwamfuta mai lafiya. Waɗanda suka girme su, irin na zamanin 286 da ake kira MFM, ba sa karantuwa cikin sauƙi sai da katin da aka tsara su da shi tun asali, don haka kada a raba su. Akwai kuma wani tarko. Idan batirin agogo ya mutu, na'urar takan manta girman rumbunta da tsarinsa, sai ta ce ba ta ga komai ba. Mai gyara da bai sani ba sai ya ɗauka rumbun fanko ne, ya share shi ya zuba sabuwar manhaja. Alhali lambobin da ake buƙata galibi suna rubuce a jikin rumbun, shigar da su kawai za a yi.

Faifan fulofi ya fi rauni. Leda ce siririya da aka shafe da garin ƙarfe mai karɓar maganaɗisu, dangin tsatsa. Mai faɗin inci 3.5 yana da layuka 80 a kowace fuska, kowane layi an raba shi gida 18, kowane gida yana ɗaukar bait 512, jimla bait 1,474,560. Wannan ya isa ya ɗauki kundin digiri sukutum in babu hotuna. Kamfanin Sony, wanda ya ƙirƙiro shi, ya daina yin sa a 2011. Zafi yana lanƙwasa ledar, laima tana haifar da fumfuna a kanta, lasifikar rediyo kuma in an jingina faifan da ita tana iya goge rubutun. Kafin a zura kowane faifai, a ja ƙarfen bakinsa a duba. In an ga ɗige-ɗigen fumfuna kada a saka shi sai an goge a hankali da sifirit, domin dattin zai manne a kan mai karatu ya kankare faifan da zai biyo baya. A kuma kulle shi daga rubutu: a mai inci 3.5 ana buɗe ƴar tagar da ke kusurwa, a babba mai inci 5.25 kuwa akasin haka ne, ana liƙe tsagar da ke gefe.

Injin fulofi mai USB yana karanta faifan inci 3.5 na kwamfutocin IBM da danginsu in yana da lafiya. Ga wanda ya fara lalacewa, ko babban faifai, ko na wata na'ura daban, akwai ƙananan na'urori irin su KryoFlux da Greaseweazle, waɗanda ke naɗar sauye-sauyen maganaɗisun da ke kan ledar kai tsaye, a bar fassara su zuwa wani lokaci.

Wani abin da ke kwance a cikin tsofaffin faya-fayai shi ne ƙwayoyin cutar kwamfuta na wancan zamani, waɗanda ke yaɗuwa daga faifai zuwa faifai a shagunan buga takardu. Ta farko da ta addabi irin wannan kwamfuta, mai suna Brain, ta fito daga Lahore ta Pakistan a 1986. Wata da ake kira Michelangelo, wadda aka gano a 1991, tana laɓewa shiru sai ranar 6 ga Maris, in aka kunna na'urar a ranar sai ta shafe farkon rumbun. Shekaru ba sa kashe ta. Na'urar da aka gyara yau aka saita mata agogo, in tana ɗauke da cutar, 6 ga Maris mai zuwa za ta yi aikinta kamar ba a yi shekara 30 ba.

Manhaja Ita Ce Mai Fassara

Samun fayil rabin aiki ne. Fayil jerin lambobi ne kawai, manhajar da ta rubuta shi ita ta san ma'anarsu. Wasiƙar da aka buga da WordStar ko WordPerfect 5.1, lissafin albashi a Lotus 1-2-3, rajistar ɗalibai a dBase, kowanne da tsarinsa. Wasu manhajojin yanzu suna buɗe wasu daga ciki, alal misali LibreOffice tana karanta fayilolin WordPerfect, amma sau da yawa tsarin shafi da jadawali sukan wargaje.

Ingila ta ɗanɗana wannan. A 1986 gidan rediyo da talabijin na BBC ya tattara bayanai da hotunan rayuwar ƙasar, da gudummawar mutane fiye da miliyan guda, yawancinsu ƴan makaranta, domin cikar shekara 900 da rubuta littafin ƙidayar nan na Domesday na shekarar 1086. Aka zuba su a faya-fayan lesa guda 2 da ke buƙatar wata kwamfuta ta musamman. Kafin shekara 16 na'urorin da ke karanta su sun kusa ƙarewa, alhali littafin 1086, wanda aka rubuta a fata, yana nan ana karantawa. Sai a 2002 masana daga jami'o'in Leeds da Michigan suka ceto aikin ta hanyar kwaikwayo, wato rubuta manhajar da ke sa sabuwar kwamfuta ta yi kamar ita ce tsohuwar.

Yau wannan dabara ta zama ruwan dare. DOSBox da PCem da 86Box duk kyauta ne, kuma na ƙarshen yana kwaikwayon 486 har da irin bod ɗinta. In aka ɗora masa kwafin rumbun da aka ɗauka a Mada, na'urar za ta farka a cikin taga a kan kwamfutar zamani, da manhajojinta da fayilolinta kamar ranar da aka kashe ta. Saboda haka faya-fayan girka manhaja, da littattafan koyon aiki da su, da lambobin da ke jikin kwalinsu, duk abin adanawa ne. A tuna dai cewa tsufan manhaja ba ya cire haƙƙin mallakar masu ita. Wanda ke son DOS ba tare da wannan damuwa ba, akwai FreeDOS, wadda aka fara a 1994.

Matsalar Ɓ da Ɗ da Ƙ

A nan ne mai ceto rubutun Hausa yake da aikin da takwaransa na Ingila ba shi da shi. Haruffa masu lanƙwasa sun shiga rubutun boko cikin shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke jagorancin hukumar talifi a Zariya. Amma tsarin ASCII da aka gina kwamfuta a kansa yana da gurabe 128 ne kawai, na kwamfutar IBM kuma 256, kuma babu ɓ ko ɗ ko ƙ a cikinsu. Masu buga Hausa suka shiga dabaru. Wasu suna sa waƙafin sama kusa da harafin. Wasu suna buga b da d da k, in takarda ta fito sai a bi da biro ana lanƙwasa kawunansu. Wasu kuwa suka bar su haka nan, mai karatu ya raba "baki" da "baƙi", ya raba "kafa" da "ƙafa" da hankalinsa.

A tsakiyar shekarun 1990 Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya samar da zubin haruffa guda 2, Rabi'at da Abdalla, masu ɗauke da haruffan Hausa, waɗanda suka yaɗu a jami'o'i da maɗaba'u da shagunan buga takardu. Tun da ba a iya ƙara gurabe, dabarar irin wannan zubi ita ce a ari guraben alamomin da ba a cika amfani da su ba, a zana haruffan Hausa a ciki. Mai bugu ya danna } sai ƙ ta fito, ya danna { sai Ƙ, ] ta zama ɗ, [ ta zama Ɗ, ~ kuma ta zama ɓ. A takarda komai daidai yake, amma a cikin fayil lambar da aka ajiye ta alamar asali ce. Da zarar an buɗe fayil ɗin a na'urar da ba ta da zubin, sai riga ta faɗi, "ɗan ƙasa" ya koma "]an }asa". Tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, har da na Hausa da ƴ da ake amfani da ita a Nijar, ya fito tun 1991, sai dai bai zama abin amfanin kowa ba sai cikin shekarun 2000.

Abu biyu ke biyo bayan wannan. Na farko, zubin haruffan da ke cikin tsohuwar na'ura wani ɓangare ne na rubutun, dole a kwafe shi tare da fayilolin. Na biyu, mayar da rubutun zuwa Unicode yana buƙatar lura. Da ganin farko aikin minti biyar ne: a umarci manhaja ta sauya kowace ] zuwa ɗ, kowace [ zuwa Ɗ. To amma a ɗauki kundin ɗalibin nazarin harshe, wanda ya yi bincike a kan karin harshen Zamfara. A ilimin furuci ana sa sauti ne a tsakanin baka mai kusurwa, kuma mai bugun yakan koma wani zubi daban duk lokacin da yake son bakar ta gaskiya. Sauyi na bai-ɗaya zai mai da duk waɗannan baka su zama Ɗ da ɗ, ya lalata ainihin abin da kundin ya ƙunsa. Hanyar da ta dace ita ce a yi sauyin a kan haruffan da ke cikin zubin Hausa kaɗai, abin da Microsoft Word da LibreOffice duk suna iya yi. Wannan kuwa yana yiwuwa ne muddin fayil ɗin yana tsarinsa na asali. In wani ya riga ya mai da shi tsurar rubutu, bayanin wane zubi ne a ina ya tafi, sai dai a bi layi-layi da ido. Don haka ba a taɓa yin gyara a kan fayil na asali, sai a kan kwafinsa.

Ajiya

Kwafin da aka ɗauka a ajiye shi wuri 3, a kan ma'ajiya iri 2, ɗaya kuma a wani gari daban, ko da Gusau ce. Filashi mai gigabait 16 yana ɗaukar abin da ke cikin fulofi fiye da 10,000, amma shi ma ba abin dogaro ba ne in an jefa shi a aljihun tebur shekaru, domin wutar da ke riƙe bayanansa tana zurarewa. A riƙa dubawa duk shekara, ana sabunta ma'ajiyar. Muhimman takardu a fitar da su a tsarin PDF, mafi muhimmanci kuma a buga a takarda. Abin da ya shafi tarihi ko adabi, ɗakin karatu na jami'a, kamar ta Tarayya da ke Gusau wadda aka kafa a 2013, ko ta Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ya fi gidan mutum ɗaya dacewa da riƙe kwafinsa. Rumbun ofis ko na shago kuwa yakan ƙunshi wasiƙun mutane da albashinsu da sirrinsu. Mai gyara amana aka ba shi, ba ya yaɗa abin da ya gani sai da izinin masu shi.

Ita kanta na'urar, in ana son ta ci gaba da aiki domin koyarwa ko nuni, ana iya sa mata katin CompactFlash a madadin rumbu, a ajiye rumbun asali a gefe da takardar bayani a jikinsa. Robar jikinta da ta yi ruwan ɗorawa, akwai masu wanke ta da sinadari a rana ta yi fari, amma launin yakan dawo, kuma furfura ba cuta ba ce. Faya-fayan maganaɗisu sun fi son sanyin digiri 18 zuwa 20 da laima kusan kashi 40 cikin 100, abin da ke da wuyar samu a Mada ba tare da na'urar sanyaya ɗaki ba. Abin da ya fi kusa shi ne ɗakin ƙasa mai kaurin bango, wanda zafinsa ba ya hawa da sauka kamar na ɗakin kwano. A ɗora kayan a kan kanta ta ƙarfe nesa da ƙasa saboda gara da ruwa, a jera faya-fayan a tsaye cikin akwati mai murfi, a rufe na'urar da ƙyallen auduga, domin leda tana tara gumi da damina. Sau biyu a shekara, bayan ɗaukewar ruwa da kuma ƙarshen hunturu, a share ƙura, a duba ko batir ko kafasita sun fara tsiyaya, a kunna ta ta yi kamar awa guda, a rubuta kwanan wata da abin da aka gani a littafin da ke ajiye tare da ita.